Yadda za ka bi tarihin ƙungiyar rock daga faifan farko har ranar rabuwa

Wani ƙanena ya same ni kwanaki yana ta murna wai shi yanzu ya san Queen ciki da waje, ya kalli fim ɗinsu sau uku kuma yana da waƙoƙinsu kusan ashirin a waya. Na ji daɗi wallahi don ba kasafai nake samun wanda za mu yi irin wannan hirar da shi ba, amma da muka zauna sai na ga waƙoƙin kam ya san su, mutanen da suka yi su ne bai sani ba, bai san wacce aka fara yi ba, bai san lokacin da suke fama da talauci duk da sunansu ya cika gari ba. Toh shi ya sa na ce bari in rubuta hanyar da ni nake bi, wadda na daɗe a kanta, ko wani zai amfana.

Abu na farko ka zaɓi ƙungiya ɗaya tak, kuma dan Allah ka zaɓi wadda labarinta ya riga ya ƙare. Kar ka fara da Rolling Stones, su tun 1962 suke abu ɗaya har yau ba su ajiye jita ba, sama da shekara sittin kenan, za ka gaji tun kafin ka kai rabi. Ni shawarata Beatles. Waƙarsu ta farko ta fito a Oktoban 1962, zuwa Afrilun 1970 an watse, shekara takwas ma ba su cika ba, kuma duk wani abu da ke faruwa da ƙungiyar mawaƙa ya faru da su a ɗan wannan tsakanin, korar aboki, mutuwar manaja, rigimar kuɗi, kotu, komai da komai. In kana son wadda ta fi wannan gajarta akwai Nirvana, albam uku kacal suka yi a situdiyo tsakanin 1989 da 1993. Amma da Beatles zan fi ba da misali.

Ka nemi littafin rubutu, ko irin na 'yan makaranta mai shafi arba'in ɗin nan ya isa. Na san akwai manhajar rubutu a waya amma abin da ka rubuta da biro ya fi zama a kai. A shafin farko ka jera albam ɗinsu da shekarar da kowanne ya fito. A nan akwai tarko biyu da sabon shiga ke faɗawa. Na ɗaya, kafin 1967 kamfanin Capitol da ke sayar da faifansu a Amurka yanka albam ɗin yake yi ya sake haɗawa yadda ya ga dama, ya cire waƙoƙi ya sa wani suna, don haka jerin Ingila za ka bi, shi ne yadda su masu abun suka tsara, guda 12 ne daga Please Please Me na 1963 zuwa Let It Be na 1970. Na biyu, ranar fitowa daban ranar ɗauka daban. Let It Be shi ne na ƙarshe a kasuwa amma yawancinsa a Janairun 1969 aka ɗauka, Abbey Road kuwa da ya riga shi fitowa shi ne ainihin aikin da suka yi a ƙarshe su huɗu. Duk wanda bai san wannan ba zai ɗauka a cikin faɗa da ɗaure fuska suka yi aikinsu na ƙarshe, alhali sun sake komawa situdiyo sun haɗa kai sun yi ɗaya daga cikin mafi kyawun ayyukansu kafin kowa ya kama gabansa. Sannan ka sani a zamanin can manyan waƙoƙi da yawa a ƙaramin faifai suke fitowa su kaɗai ba a sa su a albam, na Beatles an tattara su a wani kundi mai suna Past Masters, ka ajiye shi a gefe kana leƙawa.

Kafin ka kunna komai, ka fara komawa baya ka ga inda suka fito, don babu ƙungiyar da ke faɗowa daga sama. John Lennon da Paul McCartney sun haɗu ne ranar 6 ga Yulin 1957 a wani bikin coci a unguwar Woolton ta Liverpool, Lennon yana da shekara 16 McCartney 15. George Harrison ya shigo a 1958. Wurin da nake so ka fi daɗewa a kai shi ne Hamburg ta Jamus, inda suka fara zuwa a Agustan 1960. Can suka riƙa kiɗa a gidajen rawa na unguwar 'yan shaye-shaye sa'o'i da yawa kowane dare, suna kwana a wani ɗaki a bayan majigin sinima kusa da banɗaki, har aka kori Harrison daga ƙasar don shekararsa 17 bai kai yin aikin dare ba. Sau biyar suka je Hamburg tsakanin 1960 da 1962, a gida kuma sun hau dandamalin Cavern kusan sau 300. Kai ka ga yaran da suka sha wannan wahalar ai dole hannu ya faɗa. Duk da haka da suka je gwaji kamfanin faifai na Decca a Janairun 1962 ƙin ɗaukarsu aka yi. Wannan sashen na kafin suna shi ne mutane ke tsallakewa kuma a nan ake gane halin kowa, waye mai taurin kai, waye mai lissafi, waye mai shiru-shiru yana haɗiye abu.

Yanzu sai sauraro. Albam ɗaya sati ɗaya, daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe a jere, ka kashe abun nan da ke cakuɗa maka waƙoƙi. Ka sa iyafis mai ɗan kyau, lasifikar waya ba ta fitar da jitar bes, wato mai kaurin muryar nan da ke tafiya tare da ganga, kuma rabin daɗin kiɗan a can yake. Ji na farko ka bar shi ya wuce kawai. Ji na biyu ka bi ganga ita kaɗai, na uku ka bi bes, na huɗu ka yi ƙoƙarin rarrabe muryoyi, wannan Lennon ne wannan McCartney ne. Da farko duk za su yi maka kama, bayan sati biyu ko daga ɗaki na gaba aka kunna za ka faɗi mai rerawa.

Bari in ba ka misali da albam na farko. Waƙoƙi 10 daga cikin 14 da ke ciki a yini ɗaya aka ɗauke su, ranar 11 ga Fabrairun 1963, kuma Lennon mura yake yi a ranar. Furodusansu George Martin ya san akwai waƙar da in aka fara da ita muryar yaron za ta tafi gaba ɗaya, sai ya ajiye ta sai can dare da aka gama komai. Ka je waƙar ƙarshe a albam ɗin ka sa kunne sosai, za ka ji maƙogwaron mutum yana yagewa, muryar ta dushe tana karce kamar ana jan buhu a kan siminti amma ya ƙi sassautawa har ƙarshe. Ni duk lokacin da na ji ta sai tsigar jikina ta tashi, don na san abin da ya faru a ɗakin a wannan daren. Wanda ya tsince ta a cikin tarin waƙoƙin waya zai ji ta wuce kawai.

In ka ci gaba a jere, wajen Rubber Soul na 1965 da Revolver na 1966 za ka ji kamar an canza mutanen. Duk inda ka ji irin wannan canjin ka tsaya, ka ɗauki biro ka rubuta tambaya, me ya faru a wannan shekarar? A nasu amsar tana da yawa, Harrison ya fara koyon sitar, wani abin kiɗa mai tsirkiya na Indiya, har ya zama ɗalibin Ravi Shankar, sun fara wasa da na'urorin situdiyo, sannan babban abun shi ne sun gaji da yawon wasa. A Agustan 1965 sun yi wasa a filin Shea na New York gaban mutum sama da dubu 55, ihun 'yan kallo ya danne kayan sautin zamanin har su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. A 1966 suka sha da ƙyar a Manila bayan an ce sun wulaƙanta gayyatar matar shugaban ƙasa, a Amurka kuma aka riƙa ƙona faifansu saboda wata magana da Lennon ya yi da ta taɓa addini. Ranar 29 ga Agustan 1966 a San Francisco suka yi wasan kuɗi na ƙarshe. Daga nan situdiyo ta zama gidansu, waɗanda suka gama albam a yini ɗaya su ne suka kwashe wata da watanni a kan Sgt. Pepper na 1967.

Shafi na gaba a littafinka na shiga da fita ne. Ka ja layi ga kowane mutum, shekarar da ya shigo da wadda ya fita da dalili. A Beatles abun da sauƙi, Stuart Sutcliffe mai jitar bes ya bari a 1961, Pete Best mai ganga aka sallame shi a Agustan 1962 ana dab da samun suna aka kawo Ringo Starr, kuma ba su ma iya faɗa masa da bakinsu ba sai manaja suka tura. Amma akwai ƙungiyoyin da in ba ka yi wannan zanen ba ba za ka fahimci komai ba. Pink Floyd kusan ƙungiya uku ce a ƙarƙashin suna ɗaya, ta Syd Barrett wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu matsala ya fita a 1968, ta zamanin da Roger Waters ya riƙe ragama har ya fice a 1985 ya nemi hana sauran amfani da sunan, sai ta David Gilmour bayan nan. Mai ganga Nick Mason ne kaɗai ke cikin kowane albam. Fleetwood Mac ma haka, a 1967 ƙungiyar kiɗan blues ce ta Landan ƙarƙashin Peter Green, wadda ta yi Rumours a 1977 da Amurkawa biyu a gaba kusan suna kawai suka haɗa.

Ka kuma duba abin da ƙungiya ta yi ranar da mutuwa ta shigo mata. A 1980 abun ya faru sau biyu. AC/DC suka rasa mawaƙinsu Bon Scott a Fabrairu, suka ɗauko Brian Johnson, zuwa Yuli sun fitar da Back in Black wanda ya zama mafi kasuwa a duk ayyukansu. Led Zeppelin kuwa da mai gangarsu John Bonham ya rasu a Satumba yana da shekara 32, a Disamba suka sanar cewa ba za su iya ci gaba ba shi ba, shikenan. Dukkansu biyun giya ce sanadi, kuma wannan ɓangaren kar ka kau da kai daga gare shi ko ka bari wani ya ƙawata maka shi, shaye-shaye ya cinye mutane masu baiwa da yawa a wannan harkar kuma iyalai ne aka bari da kuka.

Toh ga wurin da na fi so ka ba lokaci, kuɗi da sunan marubuci. A ƙarƙashin kowace waƙa akwai sunan wanda ya rubuta ta, a manhajojin sauraro ma in ka danna bayanan waƙa za ka gani. Ka riƙa kwafe sunayen nan, don wanda sunansa ke wurin shi ke cin kuɗin waƙar duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko wani ya sake rera ta, wanda ya buga ganga kawai ba ya samun wannan kason. In ka yi wa Beatles wannan lissafin da idonka za ka ga Lennon da McCartney sun cika ko'ina, Harrison yawanci waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi a albam, kuma ba sai wani ya faɗa maka dalilin ɓacin ransa ba, musamman in ka ga ana watsewa a 1970 ya fitar da albam mai faifai uku rigis. A Queen ma wannan ta ja rigima, don kowannensu huɗun marubuci ne kuma kowa yana son tasa ta shiga, sai a albam ɗin The Miracle na 1989 suka yarda a riƙa sa sunan ƙungiya a kan komai a raba daidai.

Su Lennon da McCartney ɗin ma da ake ganin sun ci riba ba su tsira ba. A 1963 suna yara aka kafa kamfanin Northern Songs don riƙe haƙƙin waƙoƙinsu, a 1969 abokin kasuwancinsu Dick James ya sayar da kasonsa ga kamfanin ATV bai shawarce su ba, suka yi ta fafutukar ƙwato shi abun ya gagara. A 1985 Michael Jackson ya saye ɓangaren waƙoƙi na ATV ɗin a kan dala miliyan 47.5. Mutum ya rubuta waƙa da hannunsa amma mallakar wani ce, duk mawaƙin da ke shirin sa hannu a kwantiragi ya kamata a zaunar da shi a ba shi wannan labarin.

Daga nan sai manaja, shi ma ka ba shi shafinsa. Brian Epstein ne ya gan su a Cavern a ƙarshen 1961, ya cire musu rigunan fata ya sa musu kwat, ya yi ta yawo da faifan gwajinsu har George Martin ya karɓe su. Ya rasu a Agustan 1967 yana da shekara 32, kuma in ka duba littafinka za ka ga daga nan ne ɓaraka ta fara fitowa fili. Ringo ya yi yaji na ɗan lokaci a 1968, Harrison ya yi nasa a Janairun 1969, sai rigimar wanda zai riƙe musu dukiya, uku suna son Allen Klein, McCartney shi kaɗai yana son surukinsa Lee Eastman. A Satumban 1969 Lennon ya faɗa musu a sirri cewa ya fita, a Disambar 1970 McCartney ya kai sauran kotu don a raba haɗin gwiwar. Shi ya sa nake jin ciwo in na ji ana cewa Yoko Ono matar Lennon ce ta raba su, a ɗora wa mace ɗaya abin da kuɗi da gajiya da son girma na maza huɗu suka jawo. Ka kwatanta da Led Zeppelin da suka samu Peter Grant, mutumin da ya tsaya kai da fata sai an ba yaransa kashi 90 cikin 100 na kuɗin ƙofa, za ka ga bambancin da manaja ke kawowa.

Game da fim da hirarraki, ka kalla amma sai bayan ka cika littafinka, don ka samu abin aunawa. Fim ɗin Queen na 2018 da ƙanena ya kalla ya nuna kamar sun rabu sai wasan Live Aid na 13 ga Yulin 1985 ya sake haɗa su, alhali sun fitar da albam a 1984 kuma suna ta yawon wasa har watannin farko na 1985. Ya kuma nuna mawaƙinsu Freddie Mercury ya san yana ɗauke da cutar da ta kashe shi kafin wannan wasan, bayan a 1987 aka tabbatar masa. Masu fim labari mai daɗi suke nema su sayar. Hira kuma ka riƙa duba shekarar da aka yi ta, abin da mutum ya faɗa yana cikin fushi wata shida da rabuwa daban yake da abin da zai faɗa bayan shekara ashirin, ka ji bakin mutum biyu ko uku a kan magana ɗaya kafin ka rubuta. Bidiyon wasanninsu na gaske kuwa yana nan a YouTube, ka rage ingancin hoton don data, sautin ne abin nema. Na Queen a Live Aid minti ashirin ne da ɗoriya, na Beatles a kan rufin ofishinsu ranar 30 ga Janairun 1969 shi ne ƙarshen fitowarsu gaban jama'a.

Kar ka manta ka tambayi waɗanda suka koya a wurinsu. Kusan duk manyan ƙungiyoyin Ingila na shekarun 1960 kiɗan baƙaƙen fatar Amurka suka taso suna kwaikwayo, Chuck Berry, Little Richard, Muddy Waters. Sunan Rolling Stones ma daga waƙar Muddy Waters aka ɗauko shi. Wasu sun faɗi inda suka ɗebo, wasu sai da aka je kotu, kamar yadda Willie Dixon ya kai ƙarar Led Zeppelin a 1985 aka sasanta aka ƙara sunansa a kan waƙar da ake rigimar a kanta. Ka ware sati guda ka saurari waɗannan dattawan, kunnenka zai buɗe.

In ka kai ranar rabuwa kar ka rufe littafin nan take, ka bi kowa ka ga inda ya nufa, a nan ne ma za ka samu ƙungiyar da za ka ɗauka a gaba. Bin McCartney zai kawo ka har Legas. A 1973 ya zo da ƙungiyarsa Wings don ɗaukar Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa, mutum biyu suka janye ana dab da tafiya, sai su uku suka sauka, shi da matarsa Linda da Denny Laine, dole shi ya koma buga ganga. Wani dare 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka ƙwace jakar da kaset ɗin gwajin waƙoƙin ke ciki, Fela Kuti kuma ya fito ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka har sai da ya kira shi situdiyo ya kunna masa abin da suke yi ya ji da kunnensa. A lokacin Ginger Baker mai gangar ƙungiyar Cream yana zaune a Legas ɗin da situdiyonsa a Ikeja, ya ma riga ya yi albam da Fela a 1971. Daga Baker sai ka faɗa Cream, daga Cream sai Eric Clapton, daga Clapton sai Yardbirds, ƙungiyar da Jeff Beck da Jimmy Page su ma suka ratsa ta cikinta, Page ɗin kuma daga ragowarta ya kafa Led Zeppelin a 1968. Sai ka sayi sabon littafi ka rubuta 1968 a saman shafin farko.